Shanu Cikin Shukar Mista Bitrus

Yaya Dije, aje tsintsiyar ga ki zauna! Miƙo man Muntari in ba shi nono, ina ba ki labari. Yau saura kaɗan a kore ni aiki, nic ce ban tahiya.

Kin san babbar kwamfutar da gwamnatin soja tas sawo ma ofis ɗinmu da kuɗin mai. Ɗaki guda ta cika, ga sanyi awa cikin randa. Ni aikina huda kati: a ba ni takarda, in buga abin da ke ciki, inji ya huda, kwamfuta ta karanta. To wayo gare ta. Ita ɗai ta, amma sai ta raba kanta ta koma ƙanana da yawa, kowa shina ganin tashi daban ta. Babban faifan da taka ajiya ciki ma haka anka yanka shi, awa a raba fili da zana, a ba kowace ƙarama yanki a ce ga faifanki.

Mista Bitrus, injiniyanmu, shi anka sa ya ɗora sabon tsarin da ka tuƙa kwamfuta bisa ɗaya cikin ƙananan ga. Manjon soja da ka kula da ofis ɗinmu ya ce ran Alhamis zai zo ya gani da idonai. Kwana uku ana abu guda: a ɗora da safe, ya hau lafiya, kafin azahar ya watse.

Yau sai Malam Na'Allah, shugaban sashenmu, yak kira ni gaban kowa.

"Jamilatu, laifin katinki na. Jikinki na nan, hankalinki na Ƙofar Marke wurin jinjiri. Mun ɗauki 'yar fom tu don tausai, ga abin da munka samu. Aje makullin durowa, takardar sallamarki na wurin taifis."

Nic ce, "Ranka ya daɗe, ba inda za ni."

"Mi kic ce?"

"Ba inda za ni. Sau uku ina huda katin ga, sau uku Mista Bitrus na gwada shi da takarda, bai ishe kuskure ba. In za a kore ni, a kore ni da laifina, ba da na wani ba."

Nit tahi niɗ ɗauko takardar rabon faifai. Abin da ka huda sau uku ai ka hardace shi, kuma tun jiya wani wuri ciki ka yi man ƙaiƙayi. Yankin sabon tsari ya fara daga layi na ɗari biyu, an ba shi layi ɗari, sai ɗari uku zai ƙare ke nan. Can ƙasan takarda kuma an ƙara wani yanki da jan biro, na masu ƙidayar shanun jiha. Shi daga ɗari biyu da sittin yaf fara.

Nic ce, "Mista Bitrus, diba nan. Wagga zana ba cikin filin maƙwabci anka kafa ta ba?"

Yac cire tabarau, yam mayar. "Ƙarfe nawa mutanen shanu ka fara aiki?"

"Sha ɗaya."

Yad dafe kai. "Wayyo ni Bitrus! Ashe shanu ka tattake man shuka kullum!"

Kowa yak kwashe da dariya, ban da mutum guda. Don ofis ɗinmu Malam Na'Allah ɗai ka riƙon jan biro, kuma abin da jan biro yar rubuta ba a bincika shi, bugawa akai. Mista Bitrus kati yaka gwadawa da takarda, bai taɓa gwada takarda da kanta ba.

Malam Na'Allah yac ce, "Likitan dabbobi na yat tare ni bakin ƙofa, cikin sauri..."

Nic ce, "Allah sarki. Shi ma jinjiri gare shi?"

Wallahi maganar ga hita tay yi, ban shirya ta ba. Monika taifis sai da tat toshe baki da gyale.

Niz zauna nih huda sabon kati, nim matsar da shanu layi na ɗari uku. Mista Bitrus yas sake ɗorawa, yac ce ma mutanen shanu su saki aikinsu duka mu gani. Munka tsaya kan injin munka zura ido. Sha biyu ta yi. Anka kira azahar, munka yi salla munka dawo, abu na nan daram, shina amsa duk abin da anka tambaye shi.

Mista Bitrus ya ce daga yau ba a yanka faifai sai na diba iyaka, ko da wane irin biro anka rubuta. Malam Na'Allah bai ce in yi haƙuri ba, ni ko ban ce na gode ba. Gobe bakwai da rabi ina bisa kujerata.

Kai Muntari, cizo? Haƙori na, Yaya, zo ki gani!