Naman Kaza a Gindin Mangwaro

Sahura ba ta gama sauke jakarta ba Makau ya tare ta a bakin zaure, yana wani murmushi da har ta manta rabon da ta ga irinsa a fuskar mijin nata. Dawowarta ke nan Dareta daga Gummi, inda ta yi makonni tana jinyar mahaifiyarta.

"Aje kayan nan, taho ki ga wani abu," in ji shi.

"Malam, ko ruwa ban sha ba."

"Kya sha daga baya. Taho dai."

Naman kaza, wato laimar kwaɗin da ake ci, take nomawa a ɗan ɗakin da ke kusa da madafa, sana'ar da aka koya wa matan garin a Anka. Ana cusa ƙaiƙayin shinkafa da dusa a leda, a turara, a zuba iri, a rataye cikin duhu. Ana gobe za ta tafi ta tarar rabin ledojin sun yi koren fumfuna, ta zauna ta yi kukan wahalarta. Malamar da ta koya musu ta taɓa cewa irin waɗannan ba a zubar da su. A fitar da su daga ɗaki kada su ɓata sauran, a binne a inuwa, a riƙa ba su ruwa, wani lokacin sukan yi tsiro. Saƙon da ta bar wa Makau ke nan tana ɗaura gyale, mota na jira. Ba ta ce masa wace inuwa ba, kuma inuwa ɗaya ce tak a gidan.

Ga naman kazan nan kuwa sun tsiro a gindin mangwaro, farare tas, masu faɗi kamar tafin hannu, sun hau kan juna. Ko a ɗaki ba su taɓa yi mata irin wannan kyau ba. Makau, wanda a da yake tsokanarta da cewa ta koma noman laimar kwaɗi, ya tsaya yana riƙe da ƙugu sai ka ce shi ya ƙirƙiro sana'ar.

Amma idon Sahura ba a kansu yake ba. Yana kan tulin ƙasar da ya rage a gefen ramin. Makau manomi ne, ba ya aikin ganin ido, in ya ce zai haƙa rami sai ya kai gwiwa. Ƙasar da ya tono ba ja ba ce, toka-toka ce.

A gindin bishiyar nan ta riƙa daka dutsen zinariya a turmi, shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗibar yaran garin. Ɗanta na fari, Zayyanu, a nan yake rarrafe cikin ƙurar dakan, yana kai hannu baki. A bayanta ya cika, kan hanyar asibitin Anka. Ko yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, bayan ya rasu kuma bakinta ya ƙi ɗaukar sunan gaba ɗaya. Daga baya ma'aikata suka zo suka kankare saman tsakar gida, suka shimfiɗa jar ƙasa mai tsabta, suka ja kunnen kowa kada a haƙa ya wuce jan.

"Malam, mi kay yi haka? Ka wuce jan."

Murmushin ya fara sauka. "An yi shekaru hwa. Na aza ruwan sama ya wanke gubar tuni."

"Ba ta wankuwa. Gabanka sunka hwaɗa muna." Ta nuna naman kazan. "Wa ke yi musu ban-ruwa?"

Bai kai ga amsawa ba Muhsina ta ɓullo daga bayan bishiyar da gudu. Ita kaɗai Allah ya bar musu, shekararta biyar. Hannuwanta duk taɓo, har gefen baki, tana riƙe da 'yar tukunyar wasa da ta gina da ƙasar tulin.

"Inna! Inna! Ni ke ba su ruwa kullum! Jiya Baba ya yi muna miyassu, kamar nama, har ƙari niy yi!"

Makau ya zauna a ƙasa daɓas. Tausayinsa ya kama Sahura har ya so ya fi fushin yawa, don ta san makonnin nan duka yana tanadin farin cikinta ne. Ta juya wajen Muhsina. Ta karɓe tukunyar ta jefa cikin ramin, ta wanke hannun yarinyar da sabulu, ta wanke bakin, ta sake wankewa har Muhsina ta fara kuka. Sannan ta kwance gyalenta ta durƙusa.

"Hau, asibiti za mu a auna jininki."

"Inna, ai na wuce goyo."

"Na sani. Hau dai."

Makau ya fito da babur, sai da ya yi ta bugawa kafin ya tashi. Sahura ta hau baya, ƙafafun yarinyar suna reto har cinyarta. Ta ƙara tamke ɗaurin, ta kai hannu baya ta dafa ta.

"Riƙe ni da kyau, Zayyanu," ta ce.

Makau ya ji. Bai gyara mata ba, ya ja babur suka ɗauki hanyar Anka.