Kambun Hannun Hagu

Injin sussukar dawa ya cafke mini hannun dama a gonar da nake aiki kusa da garin Hawata. Kafin azahar ina kwance a asibitin Gadarif, za a yi mini tiyata. Ƙanena Nu'uman yana ta kai-kawo a bakin ƙofa.

Wata mata ta shigo, ta ce sunanta Fatin, ita ce mai banj, wato mai sa mutum barci. Ta ɗauko ƙyallen awon jini za ta naɗa mini a dantsen hagu, sai ta ci karo da kambuna. Layu ne jere, ɗinke cikin fata. Tun ina saurayi ban taɓa kwance shi ba.

"Baba, cire wannan."

"Naɗa a kai."

"In na naɗa a kai, ƙarya zai gaya mini. Ka zubar da jini da yawa. In ka yi barci, da wannan kaɗai zan gane ƙarfin jininka ya faɗi. In ban gani ba, tafiya za ka yi muna tsaye."

"Ɗaya hannun fa?"

"Ɗayan ne za a gyara."

Na ce ba na cirewa. Likita ya leƙo, ya koma, ya sake leƙowa.

"Na mene ne?" in ji Fatin.

"Maganin ƙarfe."

"To ai gara ka cire, kada wuƙar likita ta ƙi shiga."

Nu'uman ya ce, "Yaya, injin nan da ya kama ka, na katako ne?"

Na zage shi. Sannan na ce ya zo ya kwance kambun, kada kuma ya yarda ya taɓa ƙasa. Ƙyallen ya matse ni, ya saki, ya sake matsewa. Daga nan ban san komai ba.

Da na farka da la'asar, Fatin ta ce ana tsakiyar aiki awon ya faɗi warwas, suka yi maza suka ƙara mini jini. Yatsuna suna motsi.

"Nu'uman, kawo abina."

"Ƙyallen yana nan sai gobe," in ji ta.

Na miƙa masa ƙafa. "Ɗaura a nan."