Ɗaurin Sani da Shayin Abalessa

Ghali bakanike bai gama buɗe garejinsa da ke Tamanrasset ba sai ga tsohuwar a-kori-kura ta shigo tana huci, ruwa na tsiyaya ƙarƙashinta, rago a baya yana ta kuka. Sani ne ya diro, abokinsa ɗan Maraɗi mai aikin lambu a Abalessa, sanye da sabuwar shadda da ta riga ta sha baƙin mai.

"Bagobiri, ka rufa mini asiri! Yau sunan ɗana, liman na can yana jira, ga rago a Tamanrasset."

Ghali ya ɗaga murfin inji ya leƙa. Ruwan daga bakin kalosta yake fita, ɗan ƙarfen nan da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama. Ya sa yatsa ya juya bulo ɗaya, kusar murzawa da ke riƙe murfin kalostan, sai ya yi ta zagayawa ba ya kamawa.

"Bakatsine, me ka yi mata?"

Sani ya sosa ƙeya. Da asuba ya cire kalostan, kamar yadda direbobin gida suke yi, wai don mota ta sha iska. Da ya zo mayar da murfi kuma, ya zura bututu a kan kile, wato sifana, ya danna da ƙarfinsa duka, don ɗaurin ranar suna ba a yi masa sakaci. Ramin na alminiyam ne, haƙoransa suka biyo bulon waje.

"Cusa masa wayar tagulla mu tafi," in ji Sani. "Kowa haka yake yi."

Haka ne, kowa yana yi. Takan riƙe, wani lokaci har wata guda. Wani lokaci kuma takan saki a inda babu ko inuwa. Ghali ya girgiza kai ya ɗauko na'urar huda.

Sani ya riƙe hannunsa. "To bari ka ji. Ni da matata Nuriyya mun so sai a gaban jama'a za ka sani. Sunanka yaron zai ci. Ka taimaki takwaranka, ka yi sauri."

Ghali ya ajiye na'urar. Shekarunsa da yawa a garin nan, ba mata ba ɗa, ba wanda ya taɓa kiran sunansa sai don mota ta lalace. Daɗi ya cika shi. Sai dai wani abu ya tsaya masa: kyautar da aka miƙo a daidai lokacin da ake son ka kau da kai, kyauta ce har yanzu, ko ta zama toshiya? In ya cusa waya, duk ranar da aka kira yaron nan zai tuna da ita.

"Wa ke dafa shayi a can?" ya tambaya.

"Tahiru, mai lambun."

"Kira shi. Ka ce ya rage gawayi."

Sani ya buɗe baki, sai kuma ya fashe da dariya. A ƙasar nan baƙo ba ya tashi sai ya sha kofi na uku, ko da liman ne, kuma mai buta shi ke da lokaci.

Ghali ya toshe hanyar ruwa da tsumma, ya faɗaɗa ramin kaɗan. Ya shafa giris a jikin ƙarfen yanka haƙora don ya kwashe ɓarɓashi, ya shiga murzawa a hankali, ya yi gaba, ya ɗan dawo baya. Sani na zagaye motar yana duba rana.

"Tahiru ya ce an sha na farko!"

"Ce masa na'a-na'a ya ƙare, a aika tsinkowa can ƙarshen lambu."

Sababbin haƙora suka fito fes. Ya zaɓo bulo mai ɗan kauri, ya yanka sabon shafi na hana ɗiga, ya kuma miƙa hannu. Sani ya zaro kalostan daga aljihu yana gunaguni.

"Nan ba Maraɗi ba ne," in ji Ghali. "Sanyin duwatsun nan ko inji yana son bargo."

Da Sani ya kai hannu ga kile, Ghali ya buge hannun. Ya ɗaure da yatsu uku, ya tsaya a inda ƙarfe ya ce ya isa. Aka tada mota, ko ɗigo babu. Ya wanke hannu, ya rufe gareji, ya haye baya kusa da rago.

Rana ta ɗaga sosai da suka shiga Abalessa. A ƙarƙashin dabino Tahiru na zaune gaban garwashin da bai fi tafin hannu ba, yana ɗaga buta sama yana tsiyayar kofi na uku kamar wanda ba shi da gobe. Liman ya dube su ta saman rawani.

"Tun da nake ban taɓa shan shayi mai nawa irin wannan ba. Allah ya sa ragon ya fi shi sauri."

Aka yi dariya, aka yi addu'a, aka faɗi suna. Ghali ya ji shi a bakin mutane, ya sunkuyar da kai. Da aka fito da jariri Sani ya rungume shi ƙam, har yaron ya tsala ihu.

"Sassauta, Bakatsine," in ji Ghali, yana miƙa hannu biyu. "Kawo mini takwarana. Kai ba ka san ɗauri ya isa ba."