Gaisuwar da Na'ura Ke Yankewa

Har aka yi addu'ar bakwai ta mahaifinta, Munawwara ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Mata suka yi ta yabon haƙurinta, alhali ba haƙuri ba ne. Ji ta yi kawai cikinta ya zama fayau, kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya. In an ce ta ci abinci sai ta ci, in an ce Allah ya jiƙan Malam Sulle sai ta ce amin. Da hutunta ya ƙare ta ɗauki jaka ta koma bakin aiki a Karaye.

Ita ce mai kula da na'urorin wata ƙungiyar manoman gyaɗa da dawa. A kowane sito na ƙauye akwai 'yar kwamfuta da abin magana, manomi ya zo ya faɗi kukansa, ko na taki ko na tsutsa. A cikin kwamfutar akwai wani ɗan mahaɗi da suke kira adafta, shi ke ɗaukar kowane sabon saƙo ya sa shi a layi, layin ya riƙa miƙa su ofishin Karaye ɗaya bayan ɗaya. Da zarar ofis ya amsa cewa saƙo ya iso, kwamfutar ƙauye sai ta goge nata, don ba ta da wurin ajiya.

To, mutanenmu kuwa ba su iya buɗe baki babu gaisuwa ba, ko da bango za su yi wa magana. Dattijo zai tsuguna gaban na'ura ya tambaye ta kwana, ya tambaye ta gida, ya tambaye ta damina, kafin ya tuna abin da ya kawo shi. Sabis ɗin ƙauye ga shi ba ƙarfi, saƙo ɗaya mai nauyi sai ya toshe layi yini guda. Munawwara ce ta samo maganin abin. Ta sa maɓalli, mai sito ya danna in an gama gaisuwa, adafta ya zubar da duk abin da ya gabaci dannawar, ya tura zallar magana. Aiki ya yi sauri, kowa a ofis ya ji daɗi.

Bayan ta koma aiki, wata rana tana zaune a ofis da hantsi tana kallon allo ba tare da ta karanta komai ba, sai ga kiran Ilu, mai siton Ruwan Bago, aminin mahaifinta tun suna samari. Bayan doguwar gaisuwa ya shaida mata cewa sabis ɗinsu da guguwa ta kashe tun kafin rasuwar ya dawo, yana so ya ji ko ya mayar da wayar na'urar da ya zare don kada batir ya ƙare. Sai kuma ya ƙara da cewa, af, ai marigayi ma ya zo ya yi magana a na'urar ana gobe zazzaɓin da ya yi ajalinsa zai kwantar da shi, saƙon yana ciki bai tafi ba.

Munawwara ba ta sami mahaifinta yana magana ba. Lokacin da ta isa gida, numfashi kaɗai ya rage masa.

"Kawu Ilu, kada ka jona komai," ta ce. "Ina nan tafe."

"Ba zan taɓa ba, 'yar nan. Ai dama ke yake gaisarwa kullum. Shi a saninsa ke ce ke saurare a can."

Wannan ba ta taɓa sani ba. Ta ajiye wayar, ta jira ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta, ba abin da ya motsa. Abu ɗaya dai ta gane sarai: in aka jona wayar na'urar nan yadda take, adafta zai yanke gaisuwar, kwamfuta ta goge asalin, abin da zai rage mata na muryar ubanta shi ne zancen gona.

Abdulmutalib, shugaban ofis, mutum ne mai kirki amma mai son aiki ya tafi. Da ta nemi izinin zuwa ta duba na'urar kafin a jona, ya tuna mata cewa koke-koken manoma na can jibge, wataƙila har da na tsutsa, kuma tsutsa ba ta jiran kowa. Da ta faɗa masa dalili sai ya ce ta je, amma don Allah kada la'asar ta yi layin yana tsaye. Ta ce to, Yallaɓai.

Ta hau babur zuwa Rogo, ta sake wani zuwa Ruwan Bago. Gonaki sun yi kore shar, mutane na ta yi mata sannu a hanya, ita kuwa saitin na'ura kawai take bitawa a ranta.

Siton yana warin buhu da maganin ƙwari. Ta zauna a kan tabarma, ta ɗora madannan kwamfutar a cinya. Ba za ta iya kwafe saƙon kai tsaye ba, don a kulle yake, adafta ne kaɗai ke iya buɗe shi. Saboda haka dole ta buɗe wa adaftan ƙofa ta biyu, ya fara rubuta saƙo cikakke a fayil kafin ya kai ga yanka. Ta tsayar da shi, ta soka filashi, ta nuna masa inda zai ajiye da sunan da zai ba kowane fayil. Ta ɗaga sabon umarnin ta sa shi sama da na yankewa, ta kuma ɗaure layin yadda ba zai saki saƙo ba sai ta ba shi izini.

Ilu ya kawo shawarar ya yi gaisuwar gwaji a gani ko saitin ya kama. Ta ce ba zai yiwu ba, layi ne, wanda ya zo yanzu a baya zai tsaya. Saƙo ɗaya ne tak a gaban na mahaifinta, na wani Yusha'u, shi ne kaɗai gwajin da take da shi.

Ta jona waya, ta saki na Yusha'u. Ofis ya amsa, kwamfuta ta goge. Ta buɗe filashi, ga fayil da sunansa tsaf, cikinsa kuwa wayam. Gaisuwar bawan Allah ta tafi ke nan, ba mai sake jin ta. Munawwara ta dubi abin kamar a gidan wasu ya faru. Ta bi bayanan na'urar a hankali har ta gano cewa ta ba adafta izinin buɗe fayil amma ba ta ba shi izinin zuba komai a ciki ba. Ta gyara, ta karanta, ta sake karantawa. Yanzu babu sauran abin gwaji, na gaba na Malam Sulle ne.

Ilu ya tashi ya ce bari ya duba awakinsa, ko da yake kowa ya san ba shi da awaki a kusa.

Ta yi bisimilla ta danna. Ofis ya amsa, kwamfuta ta goge. Ta daɗe kafin ta duba filashin, da ta duba ta tarar fayil ɗin ya yi nauyi. Ta kwance layin gaba ɗaya don sauran saƙonni su wuce, sannan ta sa abin saurare a kunne.

Tari ya fara fitowa, sai ƙarar gyara zama.

"Salamu alaikum. Munawwara, kin tashi lafiya?"

Sai shiru. Ta zaci fayil ɗin ne ya lalace, har ta kai hannu, sai ta ji numfashinsa. Ashe jira yake yi. Bai taɓa yarda ya yi gaisuwa bai bar wa mutum wurin amsawa ba.

"Madalla. Ya aikin? Ya gajiya?"

Ya sake jira. Bakinta ne ya amsa da kansa, murya a bushe: "Lafiya lau, Baba."

Ya tambayi mutanen ofis, ta ce suna lafiya. Ya tambayi ciwon kan da ke damunta, ta ce da sauƙi. Ya ce Allah ya yi mata albarka, ta ce amin.

"To, yaushe za ki leƙo mu? An kwana biyu."

Wannan karon jiran ya fi na baya tsawo. Tana jin tattabaru na kuka a bayansa, da wani babur da ya wuce. Ta danne abin sauraren a kunne da hannu biyu, har ƙarar maɓallin Ilu ta shigo, alamar gaisuwa ta ƙare.

"Na zo, Baba," ta ce. Amma shi ya riga ya shiga zancen gyaɗarsa da ganyenta ya fara rawaya.