Ranar da Motar Madara Ba Ta Zo Ba

Duk wanda ke hawan keke a ayarin Don Efraín ya san Nubia tana hawa, amma ba ta sauka. Kowace Lahadi, kafin ƙararrawar coci ta farko, za ta fito daga gidanta na bayan kasuwar garin Duitama, inda take ɗinki sauran kwanakin mako, ta cusa alewar gwaba a aljihun bayan riga, ta bi ayari. A hawa ba a haɗa ta da kowa. Samari kan yi ta haki a bayanta suna ɗora wa sarƙa laifi. Amma da an kai ƙololuwar dutsen, an sha ruwan mazarƙwaila mai zafi da cuku a rumfar Doña Ismenia, sai ta ɗora kekenta a bayan motar madarar Chepe, wadda ke tahowa daga ƙauyukan ɗaya gefen dutsen, ta zauna tsakanin gwangwanaye, ta rufe ido har gari.

Dalilin yana can rabin gangara, a wata kwana da direbobi suka gina wa Budurwa Maryamu ɗan ɗaki suka kewaye shi da tsofaffin fitilun mota. A nan taya ta sulluɓe mata bara waccan. Ta kwanta da karyayyar kafaɗa, kanta na leƙen ramin da ba a ganin ƙarshensa, tana jin kogi na magana can ƙasa. Ƙashi ya haɗe tuntuni. Zuciya ce ta ƙi.

Ba ita kaɗai ke shiga motar ba. Don Aurelio mai gidan burodi, wanda matarsa ta rasu da daɗewa, shi ma ya daina sauka da keke, wai gwiwarsa ba ta son gangara.

"Gwiwar da ke hawa kamar akuya amma ba ta iya zaman banza a sirdi," in ji Marleny, mai bakin ayarin. "Likitan da ya gano wannan ciwo a ba shi lambar yabo."

Ranar nan rana ta fito tas a kwari, shi ya sa kowa ya bar rigar ruwa a gida. Tayar Nubia ta yi faci wajen gonakin dankali, Aurelio ya tsaya taya ta, ayari ya wuce.

"Ku je kawai," ta ce musu. "Ai mu 'yan madara ne."

Suna cikin hawan ƙarshe sai ga ayarin yana sauko musu a guje, ƙirjin kowa ya kumbura da jarida, don gajimare ya fara baƙi. Marleny ta wuce kamar harsashi tana ihu, "Ku ajiye mana kirim ɗin madarar, tsofaffin masoya!" Don Efraín ya ɗaga hannu yana faɗin wani abu, iska ta cinye maganar. Ba wanda ya ga dalilin tsayawa. Me za a jira? Ai kowa ya san waɗannan biyu mota ke kawo su.

Suka kai ƙololuwa, suka tarar da rumfa ba kowa. Murhu a mace, benci a kife. Doña Ismenia, wadda ko ranar da ta binne ƙanwarta sai da ta aiko a hura wuta, ba ta zo ba. Sai akwatin katako da take tara wa mahaya tsofaffin jaridu, an danne shi da dutse. Duk mai sauka yakan cusa ɗaya tsakanin riga da ƙirji, don iskar gangara ba ta san zumunci ba, ta kan ratsa jiƙaƙƙen gumi ta shiga har ƙashi.

Sai ruwa ya sauko. Ba yayyafin wasa ba, ruwa mai haɗe da ƙanƙara, yana dukan kwanon rumfar kamar ana watsa tsakuwa. Hazo ya biyo bayansa ya haɗiye hanya, ya haɗiye wasu dogayen tsirrai masu ganyen gashi da ke tsaye a tudu kamar masu jiran gawa. Duniya ta rage faɗin rumfa, rumfar kuma ba ta da bango.

"Chepe ya makara," in ji Nubia.

"Ya tsaya zance ne, kin san shi."

Suka jira. Ta duba waya, ba sabis. Ta sake dubawa kamar wayar za ta ji kunya. Gumin da ta hau da shi ya koma ruwan sanyi a gadon bayanta, yatsunta suka fara fari. Can Aurelio ya ce bari ya leƙa ɗaya gefen. Ya ɓace cikin hazo, ya bar ta da ƙarar kwano. Da ya dawo, laka ce har idon sawunsa, bai ma yi ƙoƙarin murmushi ba.

"Doña Nubia, dutse ya zabtaro ya zauna a kan hanya. Gaba ɗaya. Ko jaki ba zai wuce ba yau, balle Chepe ko Ismenia."

Ta lissafa abin da ya rage musu. Hanyar Chepe a toshe. Nan, sanyin da ke kashe maruƙa cikin dare. Hanyar gida kuwa, kwanar fitilu.

"Za mu taka da ƙafa," ta ce.

Ya dubi takalman da ke ƙafarta, masu ƙarfen maƙalewa a feda, waɗanda ko a tsakar gida santsi suke. "Da waɗannan? Duhu zai same mu ba mu kai gidan farko ba."

"To Don Efraín zai turo mota."

"Don Efraín yanzu yana shan miya, yana tunanin muna rungume da gwangwanin madara."

"Ba zan iya ba, Don Aurelio." Muryarta ta karye, ta ji haushin karyewar. "Kai ba ka san yadda kwanar nan take ba. Kullum ina ganinta. Ina kan keken ɗinki ina ganinta, ina coci ina ganinta. Hawan nan ma ƙarya nake yi wa kaina, in zo har nan ina taƙama, a kwashe ni kamar kaya. Ka tafi kawai, ka turo wani."

"In tafi in bar ki? Sai dai in Marleny ta yi shiru na yini guda." Ya durƙusa gaban akwatin, ya ɗage dutsen, ya ba ta baya yana motsi da takarda. Ya juyo ya miƙa mata jarida. "Biyu suka rage, Allah ya yi wa Ismenia albarka. Ni na sa tawa." Ya daki ƙirjinsa. "Ke kin samu shafin wasanni, ni sanarwar rasuwa. Zan yi gaba, ki kalli tayata kawai. Kada ki kalli rami, ba bin ki bashi yake yi ba."

"Gwiwar fa?"

"Za ta yi haƙuri."

Ta cusa jaridar a ƙirji. Ƙamshin tsohuwar tawada da hayaƙin murhu ya taso mata, sai ta ji kamar wani ya rungume ta ta gaba. Ta ja hular kwanonta, ta yi alamar gicciye, ta ɗora ƙafa.

Wannan ba sauka ba ce, rarrafe ne. Ta damƙe birki biyu har hannayenta suka ƙage, robar birkin na kuka a kan jiƙaƙƙen ƙarfe. Ruwa yana gudu a kwalta kamar rafi. Ta hagu bangon dutse, ta dama farin banza wanda ta san ba komai a bayansa. Duk kwanar da suka wuce sai zuciyarta ta ce saura kaza. Tayar Aurelio na gaba, baƙa, tana feshin ruwa, ita kaɗai ce abin da ya rage mata a duniya.

Sai tayar ta fara rawa.

Da farko ta ɗauka idonta ne. Amma a'a, keken yana kaɗawa, ya yi hagu, ya dawo, ya yi wajen bakin hanya. Aurelio, wanda mahaya ke cewa ya fi kowa tsabtar layi a zamaninsa, yana tafiya kamar mashayi.

"Don Aurelio! Tsaya! Na ce ka tsaya!"

Da ƙyar ya tsayar da keken, sai da ya ja ƙafa a ƙasa. Ta iso gefensa. Leɓɓansa sun yi shuɗi, haƙoransa na haɗuwa kaf-kaf-kaf, yatsunsa sun lanƙwashe a kan birki sun ƙi buɗewa.

"Ina, ina hutawa ne," ya ce. "Kyan wurin nake kallo."

"Wane wurin? Hazon?"

Ba ta nemi izini ba, ta ja zif ɗin rigarsa. Ba jarida. Ƙirji ne kawai mai furfura, jiƙe, yana kakkarwa, sai busasshen ganyen da ake naɗe alewar gwaba, wanda ya murza ɗazu don ta ji ƙarar takarda.

"Ina sanarwar rasuwar?"

"Ban so in karanta tawa a ciki ba."

"Maƙaryaci! Tsohon banza maƙaryaci! Guda ɗaya ce ta rage ko?" Hawaye suka zo mata da zafi, su kaɗai ne abu mai ɗumi a dutsen nan. "Kai ka shiga gaba, iska duk a kanka, da ƙirji tsirara kamar kaza! In ka mutu a nan me zan ce wa 'ya'yanka? Gwiwar ma ƙarya ce ko?"

Ya sunkuyar da kai, ruwa na ɗiga daga hancinsa. "Gwiwar lafiyarta lau. Motar Chepe ce nake so."

"Motar da ke warin tsami?"

"Ba don madarar ba, Nubia."

Wannan ne karo na farko da ya kira sunanta kai tsaye, ba Doña ta girmamawa a gaba. A wani wuri, a wata rana, da ta tsaya ta saurari yadda sunan ya zauna a bakinsa. Yanzu ba lokaci. Ta zaro jaridar daga ƙirjinta, da ɗumin jikinta a ciki, ta shimfiɗa masa, ta ja zif har wuya. Ta kama yatsunsa tana hura musu numfashi, tana murzawa kamar ƙullin burodinsa, har suka yarda suka motsa. Ta ɓare alewar gwaba ta tura masa a baki.

"Tauna. Kuma ka saurare ni. Ni zan yi gaba. Ka manne a bayana, in tare maka iska. In na ce birki, ka ja birki."

"Amma kwanar..."

"Rufe mini baki, ka tauna."

Ta shiga gaba. Iska ta dake ta a ƙirji kamar an watsa mata allurai, duk allurorin shagonta a lokaci guda. Sai ta gane rarrafen nan nata ne ke kashe shi. Kowane jinkiri sanyi ne take ƙara masa. Ta sassauta yatsu. Keken ya numfasa, ya miƙe. Jikinta ya tuna abin da ta hana shi tunawa: a ja birki kafin kwana, a sake a cikinta, a danne ƙafar waje.

"Kana nan?"

"Ina nan."

"Yi magana in ji! Me kake sa wa burodin cukun nan naka?"

"Sirri ne."

"Sirrin ƙaniyarka! Faɗi!"

"Garin rogo... cuku... ƙwai..."

"Birki! To saki. Sai me?"

"Ɗan gishiri."

"Ƙarya, zuma kake sakawa, kowa ya sani. Birki!"

Haka suka yi ta gangarowa, tana zaginsa yana lissafa kayan haɗi, kunnenta na baya wajen muryarsa, idonta na gaba wajen layin da za ta zana masa. Wani abu ya ƙyalla ta gefen ido, jerin gilasan fitilu cikin hazo da shuɗiyar rigar Budurwa Maryamu. Kwanar ce. Kogin yana nan, tana jin muryarsa daga ƙasa, irin ta ranar. Yatsunta suka nemi damƙe birki gaba ɗaya. A daidai nan Aurelio ya yi shiru.

"Aurelio!"

Shiru.

"Aurelio, ka amsa mini!"

"Ina tuna... ko akwai man shanu."

Ta kwantar da keken ta shiga kwanar, tana kuka, tana ce masa wallahi in suka sauka sai ta kashe shi da hannunta. Da ta ɗago, fitilun suna bayanta.

Can ƙasa hazo ya fara yagewa. Gonakin dankali suka fito, kore shar, da hayaƙi na tashi daga rufin wani gida. Matar gidan ta gan su, ba ta tambayi sunansu ba, ta fito da barguna biyu na ulu ta zaunar da su bakin murhu, ta ɗora tukunyar mazarƙwaila.

Sai da kofi na biyu kakkarwar Aurelio ta lafa. Ya zaro jaridar, ta jiƙe ta narke, tawada ta zauna masa a ƙirji, rabin fuskar wani ɗan ƙwallo a juye. Nubia ta kalla, dariya ta ƙwace mata, ta haɗe da sauran kukan. Ta ajiye kofin ta share ido.

"Kin wuce ta," ya ce a hankali.

"Na sani. Kada ka yi mini wa'azi."

"Lahadi mai zuwa fa? In gaya wa Chepe ya ajiye mana wuri?"

Ta tura itace cikin wutar. Tsoron bai tafi ba, tana jinsa zaune a kafaɗar da ta karye. Amma ya matsa, ya bar wuri.

"Ka zo da rigar ruwa," ta ce. "Da jaridarka. Kuma ni ce a gaba."