Shekarar da Suka Cinye Irin Shuka

Shekarar da damina ta yi jinkiri, Dogo da iyalinsa suka cinye irin shukarsu. Ba ganganci ba ne. Rumbu ya ƙare tun da wuri, dakon da yake samu ranar kasuwa ya tsaya, ga yara uku. Ranar da Auta ta yini tana kuka har muryarta ta dushe, matarsa ta tsaya ta zuba wa tulun iri ido. Dogo ya tashi da kansa ya fasa lakar da ya liƙe bakin tulun da ita. Kwana tara suka yi suna cin abin da ke ciki.

Sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Kowa ya fita shuka. Shi ma Dogo da sassafe sai ya saɓa sungumi ya nufi gona, don kada a gane. Ya yi ta sara yana rufewa da ƙafa, babu ko ƙwaya a ramin.

A kwana na uku tsohuwar da gonarta ke jikin tasa ta ƙwala masa kira.

"Kai Dogo, zo nan. Shekarata sittin ina noma, ban taɓa ganin an yi shuka tsuntsu bai sauka ba. Me kake binnewa?"

Ya sunkuyar da kai. "Kunya nake binnewa, Iya. Mun cinye irin."

"Yaran ne?"

"Su ne."

"To da so kake ka adana tulu ka rasa 'ya? Wuce gida."

Yinin ranar tsohuwa ta bi ƙauyen gida-gida da ƙwarya, tana cewa ɓeraye sun yi wa irin shukarta ta'asa. Kowa ya san ba a haifi ɓeran da zai yi sata a ɗakinta ba, amma babu wanda ya tambaya. Wannan ya ba da tafi ɗaya, wancan biyu. Da yamma ta shigo gidan Dogo da ƙulle-ƙulle a tsumma: farar masara, jar masara, wake kala uku, gyaɗa, har da 'ya'yan kabewa. Matarsa ta zube ƙasa tana hawaye.

"Tashi, 'yar nan, adana ƙarfinki," in ji tsohuwa. "Gobe akwai aiki."

Gonar ta fito a hautsine, wani dogo wani gajere, kabewa na hawa kan komai. Masu wucewa suna tsokanarsa: "Dogo, gona ce wannan ko kasuwa?" Ya yi dariya, amma in ya dubi kowace kunya sai ya riƙa tunanin daga gidan wa ta fito.

Wata rana maƙeri ya tsaya a bakin gonar ya ce, "Jar masarar nan tana son a tara mata ƙasa a gindi. Haka mahaifina yake mata." Ya yi gaba abinsa. Nan Dogo ya gane mutanen ƙauyen sun san don wa tsohuwa ta roƙi irin. Tun daga ranar, duk wanda ya haɗu da shi a hanya sai ya gaishe shi da hannu biyu.

Wake ne ya fara nuna, yara suka ci suka ƙoshi. Washegari Dogo ya shiga gonar tsohuwa yana mata noma tun ba ta zo ba. Da ta iso ta riƙe ƙugu ta ce, "Da waɗannan faka-fakan ƙafafun naka? Yi a hankali, kana taka mini gyaɗa!"