Kowa da Kowa, Ban da Farfesa

Saba ɗaya ce da mu a cibiyar nan, wato babbar kwamfutar da mutum arba'in da uku ke tura wa aiki daga teburansu, kowa kuma gani yake gadon gidansu ce. Ni ke kula da ita. Da na gaji da rabon faɗa, sai na yanka wa kowa kasonsa: ga iya ƙwaƙwalwar da aikinka zai ci, ga iya kwanakin da zai yi. In sabar ta cika har ta shaƙe, da kanta take kashe aiki ɗaya don sauran su tsira.

Ran Litinin Farfesa, shugaban cibiyar, ya leƙo ɗakin sabar. Bai shigo ba, wai sanyin wurin yana taɓa masa ƙirji.

"Injiniya, wannan iyakar taka har da ni?"

"Ranka ya daɗe, kowa da kowa ne."

"To ai ni ba kowa ba ne."

Ya yi dariya, ni ma na yi, irin wadda ba ta wuce haƙora. Kafin ya kai ƙarshen baranda na cire masa iyaka, har na ƙara da cewa kada sabar ta taɓa aikinsa. Wannan ƙarin bai ma roƙa ba, neman gindin zama ne kawai irin nawa.

Akwai wata ɗaliba da muke kira Mai Taswira, lissafin ambaliya take yi. Aikinta kwana shida yake buƙata, zuwa ran Laraba ya ci biyar. Da sakamakonsa za ta kare digirinta ran Alhamis, in ta rasa sai baɗi. Ba ta taɓa wuce kasonta ko da ƙiris ba.

Laraba da hantsi Farfesa ya jibga wa sabar aikinsa kaf, ya tafi taro. Sabar ta shaƙe, ta nemi wanda za ta kashe. Na babba ba ya taɓuwa, sai ta faɗa wa na Mai Taswira. Ina kallon allo layin aikinta ya ɓace. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na san da wa nake fushi.

Ba a jima ba Mai Taswira ta yi sallama, kwamfutarta a buɗe a hannu.

"Injiniya, aikina ya tsaya. Na wuce iyaka ne?"

"Ba ki wuce ba, Malama."

"To me na yi?"

"Sai haƙuri. Na'ura ce, ita ke zaɓa da kanta."

Ta dubi allona. Jerin ayyukan yana nan ɓaro-ɓaro, na Farfesa a sama ya hakimce, gurbin iyakarsa fayau.

"In an sake tayar da shi, kwana nawa?"

"Shida."

Ta rufe kwamfutarta. Da ma zagina ta yi, da na samu sauƙi.

"Na'ura ba ta san Farfesa ba, Injiniya," ta ce. "Wani ne ya gabatar mata da shi."

Ta fita, ta tsaya ta ja ƙofar har sai da ta rufu sosai, domin dokar ɗakin ke nan, kada sanyi ya fita.